Yadda Ake Sauya Motar Rikodar Kaset ta Hannu

Kafin ka yanke wa mota, wato ɗan injin lantarkin da ke juya kaset, hukunci, ka fara duba bel, domin robar nan da ke juya faifan cikin rikoda ita ce ta fi saurin lalacewa, takan saki ko ta narke ta zama kamar kwalta. Idan ka danna maɓallin kunnawa ka ji mota tana gurnani amma kaset bai motsa ba, bel kawai za ka sauya. Idan kuwa batir sabo ne, mitar gwada wuta ta nuna wuta tana isa wayoyin motar, amma ta yi shiru ko tana juyi tana tsayawa, to lokacin sauya ta ya yi.

Ka cire batir da wayar wuta, ka kwance bayan rikodar, sannan ka ɗauki hoton cikinta da wayarka, saboda hanyar da bel ya bi tana da saurin shige wa mutum duhu. Dole sabuwar motar ta dace da tsohuwar a ƙarfin wuta, wanda yawanci bolt 6 ne ko 9 ko 12, da yawan juyi, wanda a irin motar da ake kira Mabuchi EG-530 yakan kasance 2400 a minti ɗaya, da kuma ɓangaren da take juyawa. Harufan CW suna nufin juyi irin na hannun agogo, CCW kuma akasinsa. Kada ka yi tunanin musanya wayoyi zai gyara kuskuren zaɓi, domin akwai ɗan allon daidaita gudu a cikin irin waɗannan motoci, wanda juya masa wuta kan ƙone shi.

Ka narkar da dalmar wayoyin biyu bayan ka lura da wadda take da launin ja, ka kwance sukurorin, ka adana 'yan robobin da ke ƙarƙashinsu, don su ne ke hana girgizar mota shiga sauti. Ɗan garen da bel ke hawa a kan sandar motar sai a zare shi a hankali, a mayar kan sabuwar daidai tsayin da yake a da, in ba haka ba bel zai riƙa zamewa. Ka yi amfani da tsofaffin sukurorin, domin dogo yakan huda har cikin motar.

Aikin da na fi so a natsu a kansa shi ne saita gudu, tunda zaren kaset santimita 4.76 yake tafiya a daƙiƙa, kuma ɗan bambanci kaɗan ya isa ya sirantar da muryar malami a tsohon kaset na tafsiri. A bayan motar akwai ƙaramin rami. Ka zura siririn sukudireba mai bakin roba, kana juyawa kaɗan-kaɗan yayin da kaset yake tafiya. Masu gyara suna amfani da kaset na gwaji mai sautin haz 3000, wato kaɗawa 3000 a daƙiƙa, amma wanda ba shi da shi sai ya sa kaset ɗin da ya san muryarsa sarai, ya kwatanta da kwafinsa da ke waya har su zo daidai, kafin ya rufe rikodar.