Yadda Ake Amfani da Kalmar "Tir"

Kalmar "tir" tana nuna ƙyama da raini ga wani aiki ko hali, kuma galibi ana amfani da ita ne inda akwai mai laifi. Wannan ne abu na farko da ya kamata a kiyaye, musamman ga yaranmu da aka haifa a unguwannin Agege ko Idi-Araba a Legas, waɗanda Hausarsu ta tashi tare da Yarbanci, har wasunsu ke musanya ta da "kaico". Idan gobara ta cinye rumfar ɗan kasuwa, "kaico" ake cewa, a bi da "Allah ya mayar da alheri", domin abin tausayi ne. Wanda ya ce "tir" a nan ana iya ɗauka ya zargi wani, ko da bai nufa ba.

Wajen gina jimla, sai ka biyo ta da "da", sannan ka ambaci abin da kake ƙyama. A ce ka sayi kwandon tumatir a kasuwar Mile 12, ka ga manya jajaye a sama, da ka juye sai ka tarar da ruɓaɓɓu an danne a ƙasa. Abin da ya dace ka ce shi ne "tir da wannan algus". A ganina wannan ya fi "tir da kai" nesa ba kusa ba, domin na farko ya soki aiki ya bar ƙofar sulhu, na biyu kuwa ya tozarta mutumin a gaban 'yan dako da abokan cinikinsa.

Idan labari kake bayarwa, sai ka sa "yi", kamar yadda 'yan jarida ke rubuta cewa shugabanni sun yi tir da hari. Ana kuma kiran mugun hali "abin tir".

"Allah wadai" ta fi ta nauyi, tunda an sako sunan Ubangiji, saboda haka kada a ɓata ta a kan ƙaramin saɓani.

Babba kuwa ba a yi masa tir ido da ido, komai girman kuskurensa. Idan dattijo ne ya cuce ka a ciniki, ka ce, "Baba, wannan bai dace ba," in ya ƙi ji ka kai maganar gaban shugaban kasuwa ko Sarkin Hausawan unguwar.