Babi na Bakwai: Asusu Biyu na Ƙungiyar NATO

Darasi na 1

Iyayena da 'yan'uwana na ajin dare a nan Jidda, kowa ya ɗauko fensir. NATO ƙawancen tsaro ne na ƙasashe 32, an kafa shi a 1949, hedikwatarsa tana Beljiyam. Saudiyya ba ta ciki, Najeriya da Nijar ma haka, amma kuna jin sunan a rediyo.

Ku ja layi a tsakiyar takarda, daga sama zuwa ƙasa. A dama ku rubuta ASUSUN TARAYYA, a hagu ASUSUN GIDA.

Na dama shi ne karo-karon da ake biyan kuɗin hedikwata da ofisoshin kwamandoji da shi. Kowace ƙasa tana zubawa gwargwadon arzikinta. Na hagu kuwa kuɗin da ƙasa ke kashewa a kan sojojinta ne: albashi, takalma, jirage. Ba ya barin hannunta.

Darasi na 2

A nan ake tuntuɓe, mu bi a hankali. A 2014 ƙasashen suka amince kowace ta riƙa kashe kashi 2 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara a kan tsaro. Wato a kowane riyal 100, riyal 2. Ina za ku rubuta wannan 2? A hagu. Ba NATO ake miƙa wa ba. Kamar unguwa ce: kuɗin mai gadi a haɗa, kwaɗon ƙofa kowa ya sayi nasa.

Hajiya, in kin sa a dama, goge ki sake, ba komai. A 2025 an ɗaga buri zuwa kashi 5 kafin 2035. Ina zai shiga? A hagu dai. Ku ɗora yatsa a kai, ku faɗa da ƙarfi: na gida ne.

Haba, Alhaji! Wanda ya bar littafinsa a shago har mako ya zagayo, yaya zai riƙe wannan? A hagu ne. Ku rubuta sau biyar.

Darasi na 3

Ba a amincewa da kasafin asusun tarayya sai duk ƙasashen sun yarda. Akwai kwamitin kasafi, akwai kuma hukumar masu binciken kuɗi mai zaman kanta da ke duba yadda aka kashe. Ku kwafe wannan.

Darasi na 4

Ku karanta wa na kusa da ku darasi na 2.