Yadda ake daidaita "in", "on" da "at" a Ingilishin yau da kullum

Ɗalibin da ya fara Ingilishi a ajin farko na kwaleji a Yamai, ko ɗan kasuwar da ke kai albasar Galmi har Kumasi, yana iya tara kalmomi masu yawa a ka, amma da zarar ya zo faɗin wuri ko lokaci sai harshensa ya sarƙe. Abin da ke jawo haka shi ne ƙananan kalmomin nan da ke zuwa kafin suna, irin su "in", "on", "at", "by" da "for", waɗanda malamai ke kira préposition a aji. Da Hausa, "a" guda ɗaya ta isa a ce a Yamai, a tasha, a ranar Juma'a, alhali Ingilishi ya raba wannan aiki tsakanin kalmomi uku. Tun da kundin sake gina ƙasar Nijar na 2025 ya sanya Ingilishi cikin harsunan aiki tare da Faransanci, masu neman gyara wannan fanni sai ƙaruwa suke yi.

Hanyar da ta fi inganci ita ce kada a haddace kalmar ita kaɗai, a riƙe ta tare da sunan da ke biye da ita tamkar kalma guda. Wanda ya riƙe "at night" a dunƙule ba zai tsaya neman dalilin da ya sa ake cewa "in the morning" da "in the evening" ba, kuma gara hakan, domin a wurare da dama babu wani dalili in ban da sabo.

Duk da haka, wajen lokaci akwai tsarin da ya cancanci a riƙe. Ƙarfe kaza yana ɗaukar "at", rana tana ɗaukar "on", wata da shekara kuwa "in" suke ɗauka, shi ya sa ake cewa "at seven o'clock", "on Friday", "in August", "in 1960". Idan aka haɗa rana da sashenta, ranar ce ke rinjaye, sai a ce "on Friday morning". Wajen wuri ma kusan haka ne: "in Niamey" saboda gari ne da mutum yake cikinsa, "on the Kennedy Bridge" saboda a kan gadar yake, "at the bus station" saboda wuri ne da ake nufa ko ake haɗuwa. Abin hawa yana da tasa ɗabi'ar, domin ana cewa "on the bus" da "on a motorbike", amma "in a taxi", mai tafiya a ƙasa kuma "on foot".

A ganina, babban tarkon ɗan Nijar ba Hausa ba ce, Faransancin da ya riga ya zauna masa a ka ne. Kalmar depuis ita kaɗai tana biyan buƙata biyu, amma Ingilishi yana son "since" idan an ambaci mafarin lokacin, da "for" idan tsawonsa aka ambata. Don haka wanda ya zauna Tawa tun 2020 zai ce "I have lived in Tahoua since 2020", wanda ya shekara biyar kuma ya ce "for five years". Haka nan marié avec kan haifar da "married with" maimakon "married to", dépendre de ta haifar da "depend of" maimakon "depend on", arriver à ta haifar da "arrive to" alhali daidai shi ne "arrive in Kano" ko "arrive at the airport". Akwai ma inda gyaran shi ne a cire kalmar gaba ɗaya, kamar "go home" da "discuss the price".

A harkar ciniki, kuskuren kan taɓa aljihu. Idan abokin hulɗa ya rubuto "Send the onions by Friday", yana nufin kaya su tashi kafin Juma'a ta wuce, wanda ya sha bamban da "until Friday", wato a ci gaba da yin abu har zuwa ranar. Sauran da ake bukata kullum su ne "in cash" ga kuɗi hannu, "on credit" ga bashi, "by the sack" ga sayarwa buhu-buhu, sai "borrow from" ga mai karɓar rance da "lend to" ga mai bayarwa, biyun da ake yawan musanyawa.

Wajen atisaye, a keɓe ƙaramin littafi, a riƙa rubuta duk gungun da aka ji a rediyo ko aka gani a saƙon WhatsApp tare da jimlar da ya fito a ciki, sannan a gina wata jimlar daga harkokin gida ko na shago, a faɗe ta da baki. Idan shakka ta taso, a duba aikatau ko sunan a ƙamus na masu koyo, ba ƙaramar kalmar ba, domin a ƙarƙashin "depend" ne ake nuna cewa "on" ce ke biye da shi.