Yadda za ka bi wasannin share fage na besbol daga Accra

Galibinmu a Nima da Mamobi hula muka fara sani kafin wasan. 'Yan'uwa da ke Bronx suna aiko da hular Yankees, ƙungiyar besbol ta New York, a sa a fita, ba wanda ya damu da sanin me ake yi a filin. To idan kai ka wuce nan, kana son ka fahimci wasan da kansa, ka fara daga ƙarshen Fabrairu zuwa ƙarshen Maris, lokacin share fage, wato atisaye da wasannin gwaji kafin a buɗe kaka. Dalilina na farko agogo ne. A kaka sosai, wasan dare na New York yakan fara wajen sha ɗayan darenmu, ka kai biyu idonka biyu, ga asuba na jiranka. Amma na share fage galibi da rana ake bugawa. Na Florida yana farawa shida da 'yan mintoci a agogonmu, dab da magariba, in Amurka ta canja agogo a Lahadi ta biyu ta Maris sai ya dawo biyar. Na Arizona kuwa takwas ne, bayan isha'i, don su ba sa taɓa agogonsu.

Ƙungiyoyin MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, 30 ne, 15 suna atisaye a Florida, 15 a Arizona. Yankees suna Tampa. Zaɓi ƙungiya ɗaya ka bi, kada ka ce za ka bi duka, data ma ba za ta bar ka ba. Manhajar MLB tana nuna alƙaluman kowane wasa a rubuce, kuma wannan ya ishe ka.

Abu na farko, cire idonka daga sakamako. Wanda ya ci da wanda aka ci a Maris ba ya shiga lissafin komai. Manyan 'yan wasa sukan buga sau biyu ko uku su tafi wanka, sauran wasan yara ne masu lamba 80 da wani abu a bayan riga. Wata rana ƙungiya takan rabu biyu ta buga wasa biyu a gari biyu. Ana ma tashi kunnen doki, abin da ba a yi a kaka. Kamar Hearts of Oak ce ta lallasa wata ƙaramar ƙungiya a wasan sada zumunci, ka zo majalisa kana cewa kofi ya zo gida. Masu shayi dariya za su yi maka.

Abin da za ka sa wa ido shi ne hannun masu jifa, wato masu jefa wa mai sanda ƙwallo ya buga. Kowace ƙungiya tana da masu buɗe wasa biyar da ke karɓa-karɓa, kuma share fagen nan tsawonsa domin su ne. Mai jifa yakan fara da zagaye biyu cikin taran da ake yi a wasa, jifa talatin da 'yan kai, ya huta kwana huɗu ko biyar, ya dawo a ƙara masa kamar sha biyar, a haka har ya kusa casa'in kafin a buɗe kaka. Tsani ne, ba a tsallake mataki. Saboda haka in ka ji an ce wane zai huta mako biyu a tsakiyar Maris, kada ka tsaya kan mako biyun. Zai koma ƙasan tsanin ne, ka ɗauka ba shi a Afrilu. Rubuta sunayen biyar ɗin a takarda da ranar da kowa ya yi jifa. Ranar da lokacin jifan wani ya zo ba ka gan shi ba, akwai magana, ko da koci bai ce uffan ba.

Duba gudun ƙwallonsa kuma, in filin yana da na'urar aunawa. Ragin mil ɗaya ko biyu a farkon Maris ba komai ba ne. Amma wanda bara yake jifa mil 96 a awa, ga shi mako na huɗu yana fama da 92, wannan ka fara yi masa addu'a.

Sai koyon jin maganar ƙungiya, don ba sa faɗin gaskiya gaba ɗaya a rana guda. Ɗan ciwon baya ko mura, bar shi ya wuce. Tsokar kuiɓi ko ta bayan cinya makonni ce, kuma tana dawowa in aka yi gaggawa. Mai tayar da hankali shi ne a ce damtsen mai jifa ya ɗaure, gobe a ce an ɗauki hoton MRI, jibi a ce zai je ganin wani likita na biyu. Sau da yawa ƙarshen wannan hanya jijiyar gwiwar hannu ce, da tiyatar da ake kira Tommy John, sunan mai jifan Dodgers da Dakta Frank Jobe ya fara yi wa a 1974. Jinyarta shekara ce zuwa shekara da rabi. Haka ta faru da Gerrit Cole na Yankees a Maris 2025: gwarzon masu jifa na 2023, bai jefa ko ɗaya ba a kakar. A share fagen nan dai abokin jifansa Luis Gil ya ji ciwo a tsokar ƙasan kafaɗa, sai Agusta ya dawo. Biyu cikin biyar ke nan tun ba a fara ba. Duk da haka Yankees ta ci wasa 94, domin ta riga ta sayo Max Fried, shi kuma ya ci 19.

Nan ne maganar zurfin benci ta shigo. Wasa 162 ake bugawa a wata shida, ba ƙungiyar da ke gamawa da mutanen da ta fara da su. Akwai jeri biyu. Na 26 su ne masu sa riga kullum, kuma masu jifa ba sa wuce 13 a ciki. Na 40 ya haɗa da waɗanda ke jira a ƙananan ƙungiyoyi, irin ta Scranton ga Yankees. Idan an sa ɗan wasa a jerin masu jinya na kwana 10, ko 15 in mai jifa ne, yana nan cikin arba'in. In aka mayar da shi na kwana 60, kujerarsa ta buɗe, wani zai shigo. Don haka ni ba na tambayar waye na ɗaya. Ina tambayar waye mai jifa na shida da na bakwai, waye na biyu wajen cafke ƙwallon mai jifa, waye zai tsaya tsakiyar fili in na wurin ya gurɗe. Waɗannan su ne yaran da ke bugawa bayan zagaye na biyar, lokacin da kowa ya kashe waya. Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu shekaru ya yi a wannan sahu kafin Pittsburgh ta kira shi a 2017, ya zama ɗan Afirka na farko da ya buga a MLB.

Wani abu da ke sa sabbin masu kallo zagin koci: yaro ya yi ta tsallakar da ƙwallo bayan katanga duk Maris, a ƙarshe a saukar da shi ƙaramar ƙungiya a bar wani da bai taɓuka komai ba. Ba son kai ba ne. Shekara uku ƙungiya take da damar saukar da ɗan wasa ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Wanda damarsa ta ƙare, in za a saukar da shi sai an tallata shi ga sauran 29, kowa na iya ɗauka. Sai a riƙe shi, a saukar da yaron da ba za a rasa ba, in wani ya ji ciwo a Mayu a kira shi. Kafin ka yi musu kan wa zai shiga 26 a makon ƙarshe na Maris, fara bincika wanda damarsa ta ƙare.