Yadda ake farfaɗo da injin yankan itace da ya daɗe a ajiye

Abin da ya fi kashe injin yankan itace mai sarƙa da ya shekara biyu ko uku a ɗaki shi ne gaggawar mai shi, domin da an ciro shi sai hannu ya nufi igiya a ga ko zai tashi. Kada ka ja igiyar nan tukuna. Damshin Kumasi yana sa tsatsa ta kama cikin silinda, kuma fistan da aka tilasta wa motsi a bushe yakan karce bangonta, ɓarnar da gyaranta ya fi na komai tsada a jikin injin.

Fara da kwance fulogi, ka ɗiga ɗan man 2T, wato man inji da ake gaurayawa da fetur, a ramin, ka bar shi ya kwana, sannan ka ja igiyar a hankali ka ji ko fistan yana tafiya ba tare da cijewa ba. Ka kwance salansa ka haska ciki da tocila. Idan ka ga zane mai zurfi a jikin fistan, tsaya nan ka kai wa makaniki a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, kafin ka kashe ko sidi ɗaya a kan sauran kayan. Ka duba bakin salansar ma, don zanzaro na yawan yin gida a wurin.

Wajen mai ne aikin yake. Fetur da ya daɗe yakan bushe ya bar dauɗa mai danƙo kamar ƙaro, wadda ke toshe ƙananan hanyoyin kafireta. Zubar da tsohon man gaba ɗaya, ka ɗauraye tanki da sabon fetur, ka zaƙulo matacin da ke ciki da lanƙwasasshiyar waya ka canja shi. Matsa tiyon mai da yatsa. In ya yi tauri ko ya tsattsage, ba shi da sauran amfani. A cikin kafireta akwai siririyar roba da ke tura mai, wadda zama ke sandarar da ita, kuma a ganina wanke kafireta ba tare da canja wannan roba ba ɓata lokaci ne. Ka wanke matacin iska, ka sa sabon fulogi mai tazarar milimita 0.5.

Injinan Stihl da Husqvarna na zamani suna shan haɗin 50:1, wato mililita 20 na man 2T a litar fetur ɗaya. Tsofaffi da dama an yi su ne don haɗi mai kauri, har 25:1, saboda haka ka bi abin da littafin injinka ya ce.

Ita kuwa sarƙa, jiƙa ta a kananzir, ka kankare kwarin ƙarfen da take hawa, ka buɗe ramin da man shafa sarƙar ke fitowa. Wasa haƙoranta da zagayayyen magagari daidai girmansu, ka ɗaure ta yadda ba za ta yi lilo ba amma hannu zai iya jan ta. Sarƙar da gaɓoɓinta suka ƙi lanƙwasa bayan jiƙo, a jefar da ita, domin tsinkewarta a kan aiki na iya raunata mutum.

Ka tayar da injin a ƙasa, a fili, ƙafarka na danne da mariƙin baya. Saurara da kyau: idan yana ƙara gudu da kansa, ko sarƙa na juyawa ba ka taɓa totur ba, ko sautinsa ya canja da ka karkata shi, mai yiwuwa robobin gefen karanshaf, wato ƙarfen da fistan ke juyawa, suna shan iska. Kashe shi nan take, don a haka injin ke zafi ya ƙone fistan cikin ɗan lokaci.

Kafin ka fita da shi gona, ka yi masa rajista a majalisar gundumarku kamar yadda dokar Ghana ta tanada. Tun 1998 an haramta tsaga katako da irin wannan inji don sayarwa, kuma sare itacen katako yana buƙatar izinin hukumar gandun daji.