"Ai Za Ta Yi Famfara": Inda Muke Kuskure Kan Haƙoran Yara

'Yar maƙwabciyata shekararta 3, amma haƙoranta huɗu na gaba na sama sun yi baƙi, sun gutsuttsure, sai guntaye kamar ɓera ya ɓarza. Da na yi wa uwar magana, cewa ta yi, "Haba Yaya, ai za ta yi famfara." Babban kuskuren ke nan. Famfara sai wajen shekara 6 take farawa, turamen ciki kuwa ba sa faɗuwa sai yaro ya kai 10 zuwa 12. Shekara nawa ke nan yarinya tana tauna da ciwo? Ga shi idan ruɓar ta kai saiwa ta tara mugunya, tana iya taɓa haƙorin girma da ke kwance a ƙasa.

Ita uwar alewa take zargi. Da na bincika, ashe fida ce. Kullum da dare a cika ta da shayi mai sukari, yarinya ta yi barci da ita a baki. Cikin barci yawu kan ragu, zaƙin ya kwana a kan haƙori, ƙwayoyin cutar baki su mai da shi tsami mai cin haƙorin. Na ƙasa harshe ke rufe su, shi ya sa na sama ke fara lalacewa. Gyaran: daga shekara 1 a koma kofi, da dare kuma bayan an goge baki, ruwa zalla. Biskit da lemon kwalba ma, tsotso ɗai-ɗai wuni guda ya fi ɓarna a kan a ba shi lokacin cin abinci a wuce wurin.

Sai jinkirin gogewa. Ranar da haƙorin farko ya ɓullo, wajen wata 6, ranar ake farawa, safe da dare, da makilin mai fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori ya kare shi daga ruɓa. Ƙasa da shekara 3, kamar ƙwayar shinkafa ya isa. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙwayar wake ƙarama. Babba ne zai goge, domin yaro tsotse man kawai yake yi. Ya tofar, kada ya kuskure baki.

Ki riƙa ɗaga masa leɓen sama duk wata. Farin tabo kamar alli a gindin haƙori, kusa da dasashi, shi ne farkon ruɓa, kuma a nan likitan haƙori zai iya tsayar da ita da shafa fuloraid, ba allura ba cirewa. Ko rami ya buɗe, akwai maganin ɗigawa mai sinadarin azurfa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin muhimman magunguna a 2021. Yana tsayar da ruɓa, sai dai wurin zai yi baƙi.

Babu wata tsutsa a cikin haƙori, don haka a bar turara hayaƙi da danna asfirin a dasashi, ƙona shi yake yi. Maganin kemis kan lafar da zogi kwana biyu, ramin na nan. In kumatu ya kumbura, ga zazzaɓi, ko kumburin ya doshi ido, a ranar za a tafi asibiti.