Kurakuran da aka fi yi wajen dasa ciyawar rafi a akwatin kifi da kududdufin gida

Masu ajiye kifin ado a Aboabo da Asawase sun gane cewa ciyawar ruwa ba sai an saya ba, tana nan kyauta a rafukan ƙauyukan da ke kewaye da Kumasi. Ɓarnar takan faru ne tsakanin bokitin da aka ɗebo da gilashin da za a dasa.

Babban kuskure shi ne juye ciyawa kai tsaye cikin akwatin kifi. Tana zuwa da baƙin da ido ba ya gani da wuri: matsattsaku, tsutsar mazari mai cinye 'ya'yan kifi, da ƙwan katantanwa, wani ɗan dunƙule mai yauƙi da ke manne a bayan ganye. Katantanwar nan ba kifi kaɗai take shafa ba. Ƙananan da ake kira Bulinus su ne ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, cutar fitsarin jini, kuma suna son ɓuya a Ceratophyllum, ciyawar nan marar saiwa mai ganye kamar gashin wutsiya, wadda ta cika Tafkin Volta bayan gina madatsar Akosombo. Ƙwayar ta fata take shiga, don haka a sa safar roba da dogon takalmi tun daga bakin ruwa, kada kuma a tura yara ɗebowa.

Gyaran kuwa, a wanke laka, a yanke ruɓaɓɓen ganye, a bi bayan kowane ganye da yatsa. Sai a narka alif cokalin cin abinci ɗaya a lita 4 na ruwa, a jiƙa ciyawar kwana 2 zuwa 3, a ɗauraye sosai. Mai kaurin ganye irin Anubias tana jure bilic, kashi 1 cikin ruwa kashi 19, minti 2 kacal; mai laushin ganye narkewa za ta yi. Daga nan ta zauna a baho ita kaɗai mako 3, inda haske ke samunta. In ƙananan katantanwa sun ɓullo, a sake jiƙawa. Mutane da yawa a mako na farko suke ƙosawa, kuma nan ake yin asarar.

Wurin ɗebowa ma abin dubawa ne. Rafin Subin da na Aboabo ruwan kwata ne ya cinye su, sassan kogin Offin da galamsey, wato haƙar zinari ba bisa ƙa'ida ba, ya dama kuwa ba a amince da lakarsu ba. Owabi gandun da gwamnati ke karewa ne, ba a cire komai a can sai da izini.

Akwai kuma masu ɗebo ciyawar tudu da ambaliyar damina ta shanye, su ɗauka ta ruwa ce. Mako biyu a gilashi ta ruɓe ta ɓata ruwan. Gwajin ba wuya: a ɗaga ta sama. Wadda ta saba zama a nutse langaɓewa take yi, don ruwa ke riƙe ta. Wadda ta tsaya ƙyam a yi shakkarta. Lokacin rani, wajen Disamba zuwa Fabrairu, ruwa ya ja baya, an fi ganin ta gaskiya.

Dashen ma ba iri ɗaya ba ne. Anubias tana da kwantaccen kara mai kauri wanda ganye da saiwa ke fitowa daga jikinsa. In aka binne shi a yashi ya ruɓe. A ɗaure shi da zare a jikin dutse ko itace, a inuwa, domin rana mai ƙarfi gansakuka take jawo wa ganyen. Bado akasin haka yake. Yana son laka a kwano, a rufe samanta da tsakuwa, a bar kan da ke toho a waje, a nutsa shi zurfin santimita 30 zuwa 60 inda rana ke kai awa 5 ko 6. In ganye sun narke bayan dashe, a taɓa tushen, muddin yana da tauri zai sake fitowa. Karfasa dai cin ganye take yi, tarwaɗa kuma tumɓukewa.

Kainuwa dashen Allah ce, ba ta neman taimakon kowa, shi ya sa take fin ƙarfin mai ita. In ta rufe fuskar ruwa, na ƙasa ba sa samun haske, iska ta ragu, da asuba a tarar kifi na haki a sama, balle daren da aka ɗauke wuta famfon iska ya tsaya. Kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na fuskar ruwan. Saiwarta kuma maƙalar tsutsar wani sauro ce, a riƙa ɗagawa ana ɗaurayewa. Ɗaya ciyawar da ke yawo a saman ruwa, mai kumburarren hannun ganye da fure shunayya, kuwa baƙuwa ce daga Kudancin Amurka, tana iya ninka yawanta cikin mako biyu, ta riga ta addabi masunta a yankin Volta. Duk abin da aka rage daga kududdufi a shanya shi a tudu ya bushe ƙamas, kada a watsa a kwata.